An buga hirata da iyalina a takardar kweri

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya tsaya min a wuya tun jiya. Ni akanta ne a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a nan Kano, shekarata huɗu da su. Jiya bayan azahar manaja ya kira ni, ya miƙo min kweri, wato takardar neman bahasi, an maƙala mata takardu goma sha ɗaya. Bakwai na farko jerin shafukan da na shiga ne a kwamfutar ofis cikin wata guda, da rana da lokaci, har minti nawa na yi a kowanne. Ban musa ba. Akwai kallon ƙwallayen da aka ci, akwai labarai, akwai wani shafin neman aiki da na leƙa sau uku. Wannan na ɗauka, ni na yi. Amma huɗun ƙarshe hoton allon kwamfutata ne, WhatsApp ɗina a buɗe, ina hira da maiɗakina kan sakamakon gwajin da ta karɓo daga asibiti. Maganar da ko mahaifiyarta ba ta sani ba. Yaron da ke kula da kwamfutocinmu ya gani, manaja ya gani, wadda ta buga takardar a firinta ta gani. An ba ni kwana uku in amsa. Tambayata ita ce, a doka da a addini suna da wannan ikon? Kuma me zan rubuta?

Uwar Biyu: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba ta lafiya. Ni wallahi na huɗun nan ne ya tayar min da tsigar jiki.

Alhaji na Kwari: Allah ya ba maiɗakinka lafiya ɗana. Amma zan faɗi wadda ba za ta yi maka daɗi ba. Kwamfutar ta wa ce? Ta kamfani. Intanet ɗin wa ke biya? Man janareta fa? Awa takwas ɗin da kake zaune kan kujerar ma saye aka yi, shi ne albashinka. Ni ina da yara tara a ofishina ban da na shago. Na sa Starlink don aiki ya yi sauri, ashe sinima na buɗe musu, kowa ya zo da filashinsa yana kwasar fina-finai. Wannan ma da sauƙi. Akwai wanda ya yi shekara yana tura wa ɗan'uwansa lambobin kwastomomina da farashin da nake ba dilolina, ni ina ta mamakin yadda aka yi wani shago yake rigana da naira ɗari a kowane yadi. Da ban sa an duba kwamfutarsa ba da har yau ina zargin aljanu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Baban Ilham: Ranka ya daɗe ban ce kada a duba aiki ba. Littafin lissafina a buɗe yake, a zo a bi shi layi-layi. Asibitin matata ne ban ga inda ya haɗu da kayan masarufi ba.

Alhaji na Kwari: To wa ya kai asibitin cikin kwamfutar ofis? Kai ka kai shi da hannunka. Wayarka tana aljihunka.

Na Gangare: In ɓera da sata, daddawa ma da wari 😂

Injiniya Kaduna: Bari in shigo, don wannan aikina ne, shekara tara ina kula da kwamfutocin ofisoshi. Mutane suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. In kana kan wayfay ɗin ofis, abin da nake gani daga rauta, wato na'urar da ke raba intanet ɗin, shi ne sunan shafin da ka shiga, da lokacin, da yawan datar da ka ja. Zan ga ka shiga Facebook, amma ba zan ga me ka rubuta ba, saboda kusan duk shafukan yanzu a kulle suke tsakaninka da su, shi ne ɗan makullin nan da aka saba gani kusa da adireshi. Saƙon WhatsApp ma a kulle yake tun daga wayarka har ta wanda ka tura wa, ba a karanta shi a hanya. Ko rautar MikroTik da ofisoshinmu ke amfani da ita iyakarta ke nan.

Abin da ya sami Baban Ilham daban ne. Manhaja aka dasa a cikin kwamfutar kanta, tana ɗaukar hoton allo bayan kowane ɗan lokaci tana tura wa wani wuri. Ita ba ruwanta da kulle, don abin da idonka ke gani shi take gani. Wasu irinta har duk harafin da ka danna suna ajiyewa, wato har kalmar sirrin bankinka in ka taɓa shiga a nan. Yayana, kafin ka yi tunanin kweri, ɗauki wayarka yanzu ka shiga wurin na'urorin da aka haɗa da WhatsApp ka fitar da kwamfutar ofis, sannan ka canza kalmar sirrin imel ɗinka da ta banki. Daga wayarka, kuma da datarka.

Baban Ilham: Na yi yanzu. Wallahi ashe tun watan azumi take haɗe.

Na Gangare: Injiniya, mu da muke buɗe shafin sirri na Chrome fa, mai hula da tabarau ɗin nan? Wani abokina ne yake tambaya.

Injiniya Kaduna: Ka gaya wa abokin naka hular ba ta ɓoye shi ga kowa sai wanda zai zauna kan kujerar bayansa. Tarihi ne kawai ba ya ajiyewa a kwamfutar. Rauta tana gani, ni ina gani.

Na Gangare: Abokin nawa ya ce a yi masa addu'a.

Barista Hajiya: Sannu Baban Ilham, Allah ya ba ta lafiya. Alhaji, da girmanka, mallakar kwamfuta ba ta ba mutum mallakar duk abin da ya gifta ta cikinta ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganganunsa na waya. Sannan a watan Yunin 2023 an sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Kafin ita akwai ƙa'idojin da NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, ta fitar a 2019. Dokar ba ta hana mai kamfani sa ido ba, tana ma yarda cewa yana da muradin da ya halatta, kamar tsare dukiyarsa da sirrin kasuwancinsa. Amma ta ɗaure shi da sharuɗɗa. Sai ya sanar da ma'aikaci me ake tattarawa kuma don me, kada ya ɗebi fiye da abin da buƙatar ta kai, kada ya yi amfani da shi a wani abu daban. Bayanin lafiya kuwa dokar ta ware shi cikin masu tsananin sirri. Ka lura da wani abu kuma, mai bayanin nan ba ma'aikaciyarsu ba ce. Ba ta taɓa sa hannu a takardarsu ba, ba ta cin albashinsu.

Akwai wata shari'a da ta yi kama da taka har abin ya ba ni mamaki. Wani injiniya a Romaniya, Barbulesku, kamfaninsu ya sa shi ya buɗe manhajar hira ta Yahoo Messenger don amsa wa kwastomomi. A 2007 aka miƙa masa shafi 45 na hirarsa, ciki har da wadda ya yi da ɗan'uwansa da budurwar da zai aura, har da maganar lafiyarsa, aka kore shi. Ya sha kaye a kotunan ƙasarsu, ya sake shan kaye a zaman farko na kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai a 2016. Sai a watan Satumbar 2017 babban zauren kotun ya ce an tauye masa haƙƙi. Hujjarsu ita ce ba a gaya masa tun farko irin sa idon da zurfinsa ba, musamman cewa za a karanta abin da ke cikin saƙon, kuma ba a duba ko akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi ba. Hukuncin ba ya hawa kan kotunanmu, amma tambayoyin da ya yi su ne lauya zai yi a kotun ma'aikata.

Na Gangare: Barista nawa aka ba shi?

Barista Hajiya: Ba a ba shi diyya ba. Kotun ta ce tabbatar da an tauye shi ya wadatar, sai ɗan kuɗin shari'a.

Na Gangare: Shekara goma! Baban Ilham, ka ji dai. Ilham za ta gama sakandare kana zaryar kotu.

Alhaji na Kwari: Barista, Turai daban nan daban. Can in ma'aikaci ya cuce ka akwai inshora, akwai kotun da za ta ƙwato maka. Nan in yaro ya gudu da kwastomominka sai dai ka kai ƙara wurin mahaifinsa, a ba ka haƙuri, a ce ka bar wa Allah. Kuma in na sanar da ɓarawo cewa ga ranar da zan duba, me na yi ke nan?

Barista Hajiya: Ba ranar za ka faɗa ba Alhaji, dokar gidan za ka faɗa. Kyamarar da ke shagonka ai ba ɓoye ta ka yi ba, kowa na ganinta, kuma ganin nata ne ke hana hannu tafiya. Amma na tabbata ba ka sa ta a banɗaki ba, duk da banɗakin ma naka ne, kai ka gina.

Uwar Biyu: Barista ta gama magana wallahi.

Alhaji na Kwari: Banɗaki ba a ajiye lambar kwastoma a ciki.

Almajirin Malam: Assalamu alaikum. Tunda ya tambayi ɓangaren addini, ga ɗan abin da muka ji a gaban malamai, masu ilimi su gyara min. Baban Ilham, kai ma akwai magana a kanka. Lokacin aiki amana ne, kayan aiki amana ne. Malamai suna yawan kawo labarin Umar ɗan Abdul'aziz, da yake kashe fitilar baitulmali in aka koma maganar gidansa, ya kunna tasa. Kallon ƙwallo da man kamfani ba ya cikin wannan tarbiyya. Amma shi ma mai kamfani aya ta 12 cikin Suratul Hujurati ta hau kansa, inda aka hana mummunan zato aka hana bin diddigin asirin mutane. Akwai kuma hadisin Mu'awiya a wurin Abu Dawuda, mai ma'anar cewa in ka bi diddigin aibin mutane za ka lalata su, ko ka kusa lalata su.

Alhaji na Kwari: Allah gafarta Malam, ai Sayyidina Umar ɗan Khaɗɗabi yana aika Muhammadu ɗan Maslama ya binciko masa gwamnoni. Shi ma bin diddigi ne?

Almajirin Malam: Haka ne ranka ya daɗe, kuma hujja ce mai ƙarfi a gare ku. Sai dai abin da ake aika shi dubawa aikin da aka damƙa musu ne da dukiyar jama'a da koken talakawa, kuma gwamnonin sun san ana aika shi. Inda na tsaya shi ne nan: ko da idon mai bincike ya faɗa kan sirrin iyali ba da niyya ba, me ya kai shi bugawa a takarda ya bi da ita hannu uku? Wanda ya ga tsiraicin ɗan'uwansa rufewa aka ce ya yi.

Alhaji na Kwari: Wannan kam ban goyi baya ba. Ni da na kama nawa, abin da ya shafi kasuwata kawai na fitar. Bugawar rashin tarbiyya ce. Amma dubawar tana nan daram.

Maman Sadik Abuja: Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Shekarata goma sha biyu a sashen kula da ma'aikata, wurare uku na yi aiki. Baban Ilham, ba ƙwallo ce ta jawo maka kweri ba. Kowa a ofishin nan yana kallon wani abu, manajan ma yana yi, kuma rajistar kowa tana nan ajiye. Ba a buɗe ta sai ranar da aka ga dama da mutum. Shafin neman aikin da ka leƙa sau uku, shi ne. An ga kana shirin tafiya, ko an riga an yi niyyar a kawo wani, sai aka koma baya aka tono abin da za a cika fayil da shi. Abin da ya sa ba na son irin wannan manhajar ke nan. Ana sayenta da sunan tsaro, tana ƙarewa a matsayin rumbun da ake ɗebo laifi a duk lokacin da aka buƙata. Na taɓa zama a taron da aka ce wa yaron kwamfuta "duba mana wane", ba a ce ga abin da ake zarginsa da shi ba. A duba dai, ba za a rasa ba. Kuma ba a rasa ɗin ba.

Baban Ilham: Hajiya kamar kina wurin. Watan jiya na nemi ƙarin albashi, muka ɗan yi sama-sama da manaja.

Maman Sadik Abuja: To ka gani.

Injiniya Kaduna: Hajiya ta taɓo inda ke min ciwo. Kullum ana maganar oga da ma'aikaci, ana mantawa da na ukun, wato mu. Oga ba ya zama ya kalli hotuna dubu, yaron kwamfuta ne ke kallo, sau da yawa ɗan bautar ƙasa ne ko wanda albashinsa bai kai na direba ba. Shi ya san wa ke neman aure, wa ake bi bashi, wa ke zuwa asibiti. Wa ke duba shi? A yawancin ƙananan ofisoshin da na shiga babu wanda ke rubuta wa ya buɗe rajistar, yaushe, da izinin wa. Wani wurin ma hotunan suna zube a fayil ɗin da duk mai kalmar sirri ɗaya zai buɗe, kalmar kuma sunan kamfanin ce da 123. Ranar da ɓarayin intanet suka shigo, ka tara musu komai wuri ɗaya ka ɗaure da igiya. Ni in mai kamfani ya ce in sa mai ɗaukar hoton allo, sai in ce a fara toshe shafukan da ba a so daga rauta, a rage wa bidiyo gudu, a hana filashi shiga kwamfutocin lissafi. Matsalar Alhaji ta fina-finai minti ashirin ta ishe ni in kashe ta ba tare da na karanta saƙon kowa ba.

Alhaji na Kwari: Injiniya turo min lambarka ta bayan fage.

Ɗan Samaru: Ni daga gida nake aiki, ina yi wa wasu 'yan Kanada zane ta Upwork, shafin da ake samun aiki ta intanet. In aikin awa ne, manhajarsu tana ɗaukar hoton allona sau ɗaya cikin kowane minti goma, ban san daidai lokacin ba, tana kuma ƙirga yawan dannawar da na yi. Amma ni ke kunna ta, ni ke kashe ta, ina ganin duk hoton da ta ɗauka, in wani ya kama abin da ba na so a gani sai in goge shi in yi asarar kuɗin minti goman. Ban taɓa jin an ci min mutunci ba, don na san cinikin da na shiga. Illarta ɗaya, ba ta san tunani ba. In na yi shiru ina zana abu a takarda, a wurinta barci nake. Shi ya sa ake sayar da 'yar na'urar nan mai motsa linzamin kwamfuta ita kaɗai. A 2024 bankin Wells Fargo na Amurka ya kori ma'aikata fiye da goma sha biyu kan yin dabarar da za ta nuna kamar suna danne-danne alhali ba sa wurin.

Na Gangare: A Farm Centre ana samun na'urar? Abokin nan nawa ne dai.

Barista Hajiya: Abin da Ɗan Samaru ya faɗa na ƙirga motsi ma an hukunta wani a kansa. Hukumar kare bayanai ta Faransa ta ci tarar reshen Amazon mai kula da rumbunan kaya Yuro miliyan 32, aka sanar a farkon 2024, saboda na'urar hannun ma'aikata tana rubuta duk tsayawar da ta wuce minti goma. A Jamus kuma an ci kamfanin sayar da tufafi na H&M tarar sama da Yuro miliyan 35 a 2020, don shugabanni a cibiyarsu ta Nuremberg suna rubuta rashin lafiyar ma'aikata da matsalolin gidajensu suna ajiyewa. Tamu dokar ma tana da tara, ga ƙaramin kamfani tana kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Mu nan ma muna da hukumar kare bayanai da ake ce ma HAPDP a Yamai. Amma biron da nike aiki kwamfuta guda ce mu shida, kalmar sirri an manna ta bisa bango. In an buga rajista sai dai a kore mu duka har da shugaban 😄

Sarkin Yaƙi: Ni duk wannan dogon turancin bai dame ni ba. Wanda ba ya da abin ɓoyewa ba ya tsoron a duba. Mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as.

Uwar Biyu: To Malam turo mana hirarka da matarka ta daren jiya a nan zauren, tunda ba ka da abin ɓoyewa.

Sarkin Yaƙi: Ki iya bakinki Hajiya, ban sa iyalina cikin magana ba.

Uwar Biyu: Shi ma bai sa nasa ba, sa masa aka yi.

Admin: Jama'a a yi haƙuri, a bar iyalin kowa a gida. Bawan Allah shawara ya nema, kwana uku aka ba shi, ɗaya ya tafi. Barista, me zai rubuta?

Barista Hajiya: Ka fara nemo takardar ɗaukarka aiki da littafin dokokin ma'aikata, ka duba ko ka taɓa sa hannu kan wani abu da ya shafi kwamfuta. Amsar kwerin ta zama gajera, cikin ladabi. Abin da ka yi ka amsa shi, ka ba da haƙuri, ka ce ba za a sake ba. Kada ka yi ƙarya kan abin da ke rubuce, kada kuma ka yi bayanin komai game da lafiyar maiɗakinka. Sai ka rubuta wasiƙa ta biyu daban, ka nemi a gaya maka wane bayani aka tattara a kanka, tun yaushe, wa ya gani, kuma ka nemi a cire takardu huɗun daga fayil ɗinka a goge hotunan. Dokar 2023 ta ba ka ikon tambayar. Ka riƙe kwafin komai a gida, wanda aka buga wa hatimin karɓa. Maganar kai koke NDPC ko kotu ka ajiye ta tukuna, kada ka ambace ta a wasiƙar.

Maman Sadik Abuja: Kuma ka ci gaba da neman aikin. Da wayarka.

Baban Ilham: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na dawo gida na zazzage jakar takarduna. Akwai wata takarda da muka sa wa hannu a 2021, layi ɗaya ne a shafi na shida, cewa kayan kamfani na aikin kamfani ne kuma hukumar gudanarwa tana iya duba su. Babu maganar hoton allo, babu maganar manhaja. Ban sani ba ko wannan layin ya wanke su.

Barista Hajiya: Ya taimake su a kan takardu bakwai na farko. A kan huɗun, ni zan so in ji bakin lauyansu. Ɗauki hoton shafin ka turo min ta bayan fage, ka rufe sunan kamfanin.

Alhaji na Kwari: Ɗana, in ka kai wasiƙar ka nemi ganin mai kamfanin da kansa, ba manaja ba. In dattijo ne, da ya ga takardun nan huɗu zai ji kunya. Ni dai da a wurina ne, yaron da ya buga su zai riga ka karɓar kweri.

Uwar Biyu: Baban Ilham, ita ka gaya mata?

Baban Ilham: Ban gaya mata ba Hajiya. Shi ne abin da ya hana ni barci jiya, ba kwerin ba. Yaron kwamfutar unguwarmu ɗaya, ƙanwarsa tana zuwa gidanmu kitso. Na turo miki shafin Barista, duba ki gani ko ya fito sosai, wutar wayar ce kawai, an ɗauke mana tun magariba.